Jakar kifin ƙanƙara: soson katifa ko farin soso?

*Talata*

Maman Haidar: Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da war haka. Anti Larai da sauran manya, shawara nake nema. Duk Asabar nakan shiga Sabon Gari in sayo kifin ƙanƙara da kaji na sati guda, wani lokacin har da yogot ɗin yara, in hau adaidaita zuwa Janguza. In hanya ta yi kyau ba a daɗewa, in kuwa aka tarar da cunkoso a Kabuga sai yadda Allah ya yi. Satin da ya wuce na sha kunyar da ban taɓa sha ba. Kifin ya saki, ledar ta huje, ruwan ƙarni ya bi ƙasan ɗan sahun ya jiƙe wa wani bawan Allah bakin shaddarsa fara ƙal, da gani ɗaurin aure za shi. Ko uffan bai ce ba, kallona kawai ya yi. Wallahi gara ma ya zage ni. Ina da babbar kula, amma in na ɗauko ta kuɗin mutum biyu ake karɓa, ga ta ba ta naɗuwa. So nake in ɗinka jaka mai riƙe sanyi da hannuna. Kekena Butterfly ne na ƙafa. Me ake sawa a ciki?

Anti Larai: Wa alaikumus salam. Ayya, sannu 'yata. Ba wani abin wahala ba ne, hawa uku za ki yi. Waje ki sa yadi mai ƙarfi, tsohon jins ko kaki. Tsakiya soson katifa mai kaurin inci 1, ki je wajen masu kujeru za su ba ki guntaye a arha. Ciki ki yi shafi da leda mai kauri irin ta teburin cin abinci. Ki haɗa ukun ki bi su da ɗinki layi-layi don kada soson ya dinga zamewa. Haka nake ɗinka rigar kula da ta tukunya tun kafin a haifi wasunku, tuwo ya kai la'asar da zafinsa.

Maman Haidar: Na gode Anti, Allah ya ƙara girma. Ina ma da wata tsohuwar katifar yara a ɗaki.

Malam Habu Mai Jaka: Anti a yi mini afuwa, zan ɗan sa baki. Ni jaka ce sana'ata a Ƙofar Wambai, kuma na lalata kaya da yawa kafin in gane wannan. Soson katifa ba ya shiri da kifi. Shan ruwa yake kamar biredi a shayi. Ranar da ɗigo ɗaya na ruwan kifi ya same shi, ƙarnin ya zauna ke nan, ko da me aka wanke. Bayan sati biyu ki buɗe ki ga fumfuna. Wanda ake so shi ne farin soson nan mai sulɓi da ake naɗe sabuwar talabijin ko firji da shi a cikin kwali. Ki tsoma shi a bokiti ki ciro, ruwan zai gangare, ki goge da tsumma shi ke nan. Masu sayar da kayan wuta zubar da shi suke yi.

Sannan maganar bi da ɗinki layi-layi. A rigar tukunya daidai ne. A nan kuwa duk inda allura ta shiga ledar ciki ƙofa ce kika buɗe wa ruwan kifi.

Anti Larai: Habu, ni za ka koya wa soso? To ai shi ya sa na ce a sa leda. Ruwa ta ina zai bi?

Malam Habu Mai Jaka: Ta hujin allurar, Anti. A inci ɗaya keke yana huda wajen sau takwas zuwa goma. Ki lissafa jaka guda.

Ummi Ƙarama: Ni fa a bidiyo na ga Turawa takardar azurfa suke sawa, irin wadda ake gasa kifi a ciki. Ba ita ce ke kawo sanyin ba?

Malam Nura: Salamu alaikum. Ni ba tela ba ne, maiɗakina ce ta sa ni a zauren nan saboda ni nake sayo mata kayan aiki, amma kimiyya nake koyarwa a Zariya, kuma tambayar Ummi ta faɗo gonata. Ku yi haƙuri zan ɗan ja.

Babu jakar da ke kawo sanyi. Sanyin yana jikin kifin tun daga firiza, wadda ake so ta tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili. Aikin jakar kawai ta hana zafin waje shiga da sauri. Kuma abin da ke tare zafin ba soson ba ne shi kansa, iskar da ke kulle a cikin ƙananan ramukansa ce. Iskar da ba ta motsi tana da nawa ƙwarai wajen wuce da zafi. Shi ya sa bargo ke ɗumama mutum, shi ya sa kaza ke hura gashinta da hunturu. Daga nan abu biyu suke fitowa. Na farko, kauri shi ne jari. Duk inda ɗinki ya danne soso ya mai da shi falle, an matse iskar an fitar, zafi ya sami gadar tsallakawa. Na biyu, ruwa ya fi iska saurin wuce da zafi sau fiye da 20. Soson da ya jiƙe ya tashi daga aiki, ko bai yi wari ba.

Ita kuwa takardar azurfar, alminiyam ce, irin abin da ake ƙera tukunya da shi, kuma an zaɓe shi ne a tukunya don saurin wuce da zafi. Amfaninta ɗaya: ƙyallinta na mayar da zafin da ke zuwa a matsayin haske, kamar na rana ko na garwashi in ka kara hannu daga nesa. Wannan ma sai fuskar mai ƙyallin tana kallon sarari. In aka cusa ta tsakanin yadi da soso aka danne, kusan duk amfanin ya tafi. Ta kicin ɗin ma ba ta jure ɗinki, yagewa take ta bi layin allura.

Ummi Ƙarama: Tab. Ashe ƙyale-ƙyale ne kawai 😂

Malam Nura: Ba duka ba. Akwai wanda ake sayar wa masu ɗinki a Amurka, Insul-Bright, shi zaren roba ne aka cusa ta cikin leda mai ƙyalli, wato an haɗa kaurin da ƙyallin. A nan abin da ya fi kama da shi shi ne abin tare rana na gilashin gaban mota. In kin samu tsoho, ki yanka ki ƙara a kan soson. Amma in aka ce zaɓi ɗaya tsakanin ƙyalli da ƙarin rabin inci na soso, ni soso zan ɗauka.

Anti Larai: To Malam ai ka gama magana. Kauri shi ne jari. Nawa inci 1 ne, na Habu kuwa fallen takarda.

Malam Habu Mai Jaka: Ana ninka shi, Anti. Falle uku ko huɗu sun ba da rabin inci. Kuma Malam ya ce in ya jiƙe ya tashi daga aiki, wannan gaɓar kika tsallake.

Anti Larai: Ban tsallake ba, ido ne ya tsufa.

Hajiya Mai Zoɓo: Ku Kanawa ba ku san rana ba. Ku zo Sakkwato cikin Afrilu ku gani, zahi ya wuce 40, ƙanƙara na narkewa kana kallonta. Ni zoɓo da kunun aya nika saidawa, kuma kunun aya kun san halinshi, in ya ji ɗumi kaɗan ya yi tsami an yi asara. Abin da nika yi, kwali cikin buhu, in cika tsakaninsu da garin katako. Haka munka taso munka ga masu ƙanƙara na yi. Nauyi dai ag gare shi, ba a ratayawa a kahwaɗa.

Malam Nura: Hajiya, dabararki ta taɓa yin attajiri. A 1833 wani ɗan kasuwar Boston a Amurka, Frederic Tudor, ya loda ƙanƙarar tafki tan 180 a jirgin ruwa, aka lulluɓe ta da garin katako, aka yi wata huɗu ana tafiya har Kalkata ta Indiya. Kimanin tan 100 ya isa bai narke ba. Babu inji, babu lantarki.

Hajiya Mai Zoɓo: Ikon Allah. Shi ya yi kuɗi, ni ina nan ina hwama da buhu.

Ramatu Maraɗi: Ina wuninku. Mu nan direbobi da 'yan kabu-kabu buhun algarara suka naɗe ma jarka, su jiƙa shi, iska na bugu ruwan na sanyi, kamar salkar da kakanninmu ka tahiya da ita. Mi zai hana a jiƙa bayan jakar?

Sista Rabi: Wannan ai dabarar mutuminmu ce ta nan Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin fasaha ta Dutse. Tukunya cikin tukunya, a zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Har lambar yabo ta Rolex ya samu a 2000. Yalon da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27 a ciki.

Malam Nura: Allah ya jiƙansa. Amma a lura, aikin daban ne. Randa da salka da tukunyar Bah Abba duk ruwa ne ke bin iska yana tafiya da zafi. Za su sauko da abu daga zafin gari zuwa sanyin randa, iyakarsu ke nan, ba sa kusantar ƙanƙara. Tumatir da alayyahu sun gode. Kifin da ya fito daga firiza kuwa sanyin randa zafi ne a wajensa. Sannan in kika jiƙa jakar, kin jiƙa soson.

Maman Fati Agege: Mu a Legas ko randar ma ba ta sanyi yadda take yi a gida, iskar cike take da laima. Shanya ma sai ta wuni ba ta bushe ba.

Ɗan Gwanjo: Akwai jakunkunan sanyi 'yan waje sun sauka, masu kyau, mai so ya yi mini magana ta gefe.

Anti Larai: Ranar talla Juma'a ce. Ka sani sarai.

*Laraba*

Maman Haidar: Barkanmu da safiya. Jiya sai da na karanta komai sau biyu. Malam Habu, don Allah in ba a ɗinka ledar ciki ba, ta yaya za ta zama jaka? Nan ne kaina ya kulle.

Malam Habu Mai Jaka: Yauwa Hajiya. Kin san yadda mai ƙosai ke naɗe takarda ba ta yanka ba? Haka za ki yi. Mu ce cikin jakar tsawo inci 14, faɗi 9, zurfi 12. Zai ɗauki kifi da kaji na sati, kuma zai zauna a cinya.

Ki yanko tamfol ko leda mai kauri falle ɗaya, 40 da 35. Ki zana gindin a tsakiya, 14 da 9. Ki ɗaga ɓangarorin huɗu sama. A kowace kusurwa za ki ga wani kunne ya fito. Mu teloli hannunmu ƙaiƙayi yake mu datse kunnen mu ɗinke, kada ki yi. Ninke shi za ki yi ya kwanta a jikin bango ta baya, bakinsa na kallon sama. Ɗinki ɗaya tak zai taɓa ledar, na kalmasar baki can sama, inda ruwa ba ya kaiwa. Kin samu bokiti na leda wanda ko ruwa kika zuba ba zai yoyo ba.

Jakar waje kuma ki yi ta daban da yadi biyu, na waje da wani mara nauyi daga ciki, ki bar tsakaninsu kamar aljihu. Soson ki yanka shi gida shida: gindi, bango huɗu, murfi. Ki zura kowanne a aljihunsa, allura ba ta taɓa shi ba. Ki ƙara wa na waje inci 1 a tsawo da faɗi, in soson rabin inci ne, in ba haka ba zai matse. Bangon gefe ki yanka su su ɗan hau kan na gaba da na baya, kada kusurwa ta zauna tsirara. Da yake soson gida-gida ne, jakar za ta kwanta ki sa ta a hammata in za ki kasuwa.

Bokitin ledar kada ki ɗinke shi da jakar. Ki maƙala shi a baki da maɓalli ko maƙale-mata, irin na takalmin yara. Kin dawo, ki cire, ki wanke, ki kife.

Ramatu Maraɗi: Malam a taimaka muna da santimita, mu ba mu aiki da inci.

Malam Nura: Inci 1 santimita 2.54 ne. Cikin jakar 36 da 23 da 30. Fallen ledar 102 da 89.

Anti Larai: Wannan ninkin kunnen ya yi, ba zan ƙi gaskiya ba. Amma Habu ka manta hannu. 'Yata, kada ki kafa hannun a bakin jaka, kilo shida na kifi zai tsinke shi a tsakiyar titi. Igiyar jakar makaranta za ki samu, ki zagayo da ita ta ƙarƙashin gindi ta fito ɗaya gefen, layi biyu. Kuma tun yadin yana shimfiɗe za ki ɗora ta, kafin ki haɗa komai. In kin haɗa ba za ta shiga keke ba.

Malam Habu Mai Jaka: Gaskiyar Anti. Sai maganar keke. Butterfly zai yi, in kin bi shi a hankali. Allura lamba 16, in jins ne mai kauri 18. Zaren roba, ba na auduga ba. Ki buɗe tazarar ɗinkin sosai, don ɗinki ƙanana a leda kamar layin yage rasit ne. Ƙafar keken za ta dinga manne wa ledar tana turjewa: ki ɗora 'yar takarda a sama ki ɗinke da ita, daga baya ki yage. Kada ki soka fil, abin maƙale shanya za ki kama da shi. Dutsen guga kuwa ko kusa.

Ummi Ƙarama: Zif fa?

Malam Habu Mai Jaka: Ni ba na sa shi a irin wannan. Haƙoransa ba sa tare komai, kuma shi ke fara mutuwa. Murfi mai soso wanda ya sauko ya rufe baki da inci 2 ko 3, a ɗaure da igiya ko maƙale-mata.

Maman Haidar: Ledar ciki fa, akwai wata babbar bana ta 'yan siyasa da aka bari a bangon layinmu tun zaɓe. Kauri gare ta sosai.

Hajiya Mai Zoɓo: Gara dai ta yi wani amfanin 😂

Sista Rabi: Maman Haidar a'a. In za ki yi bayan jaka da ita, bismillah, ki juya fuskar ɗan takarar ciki. Amma kada ta zama inda abinci ke kwanciya, fenti ne a jikinta kuma ba don abinci aka yi ta ba. Haka buhun taki da duk abin da ya taɓa maganin feshi. Ko sabuwar leda kika sa, kifin ya zauna a tasa ledar, a ɗaure.

Tunda na shigo bari in faɗi abin da ya fi damuna, don na ga ana ta maganar ƙarni da shadda. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a zafin ɗaki. A Amurka ƙa'idarsu in zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ce kacal. Mu da bazara muna wuni a sama da haka. Firiza kuma ba ta kashe su, sumar da su take yi. Kifin da ya saki ya yi ɗumi a hanya, kika mayar firiza ya sake daskarewa, abin da ya tara yana nan yana jiranki.

Kifi irin su titus da sardin suna da wata matsalar ta daban. In suka daɗe cikin ɗumi suna tara wani sinadari, histamin, wanda suya da dafuwa ba sa kashe shi. Mutum ya ci, kafin wani lokaci fuska ta yi ja, ƙaiƙayi, ciwon kai, wani har amai. Sai a ce wai kifi ba ya karɓarsa, alhali a hanya aka ɓata kifin.

Kuma yogot ɗin yara kada ya haɗa ɗaki da ɗanyen kaza. Ki yi masa wata 'yar jakar, ko ki sa shi a roba mai murfi a can sama.

Maman Haidar: Innalillahi. Sista kin tsorata ni. Sau nawa nake mayar da shi firiza a sake.

Sista Rabi: Ba tsoro ba ne, gyara ne. Ki dubi akwatin da 'yan rigakafi ke ratayawa gida-gida. Maganin so ake ya zauna tsakanin digiri 2 da 8. Bangon akwatin kauri ne da shi, amma ba a taɓa fita da shi sai da robobin ƙanƙara a jere a ciki. Jakarki ma haka, ki tanadi nata ƙanƙarar.

Malam Nura: Wannan shi ne rabin aikin. Zafin da kilo 1 na ƙanƙara ke shanyewa kafin ta gama narkewa, shi ne zai ɗaga kilo 1 na ruwa daga sifili zuwa digiri 80. Muddin akwai sauran ƙanƙara a jakar, zafin da ya kutso ita yake ci. Gorar ruwa biyu sun isa, a daskarar tun daren Juma'a. Kada a cika su fal, ruwa na kumbura kusan kashi ɗaya cikin goma in ya daskare. A ɗora su a saman kayan, don iska mai sanyi ƙasa take yi. In jakar ba ta cika ba a toshe sararin da tawul.

Malam Habu Mai Jaka: Kuma a ɗan sahu kada ki yarda a jefa miki ita bayan kujera. Injin yana ƙarƙashin wurin, kamar kin ɗora a murhu ne. A cinya ko tsakanin ƙafa. A babur kuma nesa da salansa. Yadin waje ki zaɓi mai haske, baƙi rana yake sha.

Baba Tela: Ina ta saurare. Mu a zamaninmu audugar rimi muke cusa wa matashi da katifa. Ba ta da nauyi, ba ta son shan ruwa, har Turawa sun yi rigar ceto a ruwa da ita. In babu soso za ta yi, a dai ɗinka mata gida-gida kada ta taru a gindi. Wuta ce kawai abokiyar gabarta, tartsatsi ɗaya ta tashi.

Anti Larai: Baba sannu da ƙoƙari. Ni dai har yanzu ina kan bakana. Maman Haidar, tunda soson zura shi ake a cire, ki yanka nawa ki yanka na Habu, ki gwada kowanne. Mu ga ƙarshen gardama.

*Juma'a*

Maman Haidar: Jama'a barka da Juma'a. Na gama jakar shekaranjiya da daddare, kuma na bar aljihun da faɗi yadda kowane soso zai shiga. Ba ta yi kyan gani ba, murfin ya ɗan karkace, amma ta tsaya da ƙafarta. Na yi gwajin Anti da fiya wata daskararru, uku-uku, a inuwar baranda, daga ƙarfe 10 zuwa azahar. Na ajiye wasu a baƙar leda don in ga bambanci.

Na leda tun kafin sha biyu sun zama ruwa. Jiya na gwada farin soso rabin inci, na buɗe na tarar kowanne da sauran dunƙule a ciki. Yau na sa soson katifa inci 1, kuma gaskiya dunƙulen yau ya fi na jiya girma.

Anti Larai: Habu! Ina kake? A kira mini Habu.

Malam Habu Mai Jaka: Ina nan Anti, daga masallaci nake. Inci 1 da rabin inci aka gwada, ai ba kokawar sa'anni ba ce. Hajiya, da kika ciro soson katifar, kin taɓa shi?

Maman Haidar: Na taɓa. Na gindin da ɗan danshi ta fuskar da ke jikin ledar. Kuma na duba, ledar ba ta yoyo, har ruwa na zuba na gani.

Malam Nura: Ba yoyo ba ne, zufa ce, irin wadda kwalbar lemo mai sanyi ke yi. Laimar da ke cikin iska ce ke kwanciya a bayan ledar. Soson katifa ramukansa a buɗe suke, iska na ratsa shi ta kai laimar har can. Farin kuwa kowane rami a rufe yake. Yanzu da rani kaɗan za ki gani. Bari Agusta ta zo.

Anti Larai: To sai a sa soson a leda a ɗaure bakin kafin a zura. Ko a ciro a shanya in an dawo. Wannan ma sai an je jami'a?

Malam Habu Mai Jaka: In an naɗe shi a leda ba ni da ja. Amma ni wanda zan sayar wa mutane ba zan sa ba, don na san babu mai cirowa ya shanya.

Anti Larai: Wannan kuma halin masu sayenka ne.

Maman Fati Agege: Yanzu na shigo, don Allah wane soso aka ce a saya?

Ummi Ƙarama: Maman Fati ki hau sama, kwana huɗu ake yi 😭

*Asabar*

Maman Haidar: Alhamdu lillahi, na je na dawo. Abin da na yi, bango da murfi na sa na Anti a cikin leda, gindi na sa farin soso falle biyar, tunda shi ke ɗaukar nauyi kuma na ga na katifar yana lotsewa in an ɗora kaya. Gora biyu a sama, yogot a robarsa. Mun daɗe a Kabuga har mai ɗan sahun ya kashe inji. Na iso gida kifin yana nan ƙam, sai da na sa wuƙa na raba su. Jakar a cinyata take, zanina ko ɗigo. Matsala ɗaya, igiyar ta ci mini kafaɗa, sai na yi mata matashi.

Sista Rabi: Madalla. Ki wanke ledar yau da sabulu da ɗan bilic, ki kife ta ta bushe sarai kafin ki mayar.

Hajiya Mai Zoɓo: Ɗiyata, nawa za ki ɗinka min babba wadda ka ɗaukar gora 40? In aiko da kuɗi ta mota.

Maman Haidar: Hajiya ki bari in huta tukuna. Allura uku na karya a wajen ɗora igiyar nan, ta ukun har ta kusa samuna a ido.

Malam Habu Mai Jaka: Lamba nawa kika sa?

Maman Haidar: 14 ce a gidan, na ga kamar za ta yi.

Anti Larai: Wannan kam ni da Habu bakinmu ɗaya. Litinin ki aiki Haidar ya sayo 18.